Ranar da Ƙarfe Ya Shiga Jikin Haladu Wanzami

Duk wanda ya zauna Ƙauran Namoda a shekarun da jirgin ƙasa ke kwana a garin ya san Haladu Wanzami. Ko bai san sunansa ba, ya san baƙin kekensa mai zabira rataye a gaba. Mai keken gajere ne, kakkaura, mai sanyin murya da sanyin hannu. Ran Kasuwar Daji yana can ƙarƙashin wata tsamiya, ran kasuwar Shinkafi yana da rumfarsa, a Zurmi ma yana da inuwar da aka san tasa ce. Inda ke da nisa sai ya ɗora keken bisa motar kaya, shi ya zauna kan buhuna. Yana aski, yana ƙaho, yana kaciya. Mata kan ce jaririn da Haladu ya yi wa askin suna ba ya ko farkawa daga barci.

Gadon gidansu ne. A shekarar da aka samu 'yancin kai mahaifinsa, Muhtari Wanzami, ya ga idonsa ya fara rauni, sai ya kira Haladu cikin zaure ya miƙa masa zabira. Bayan zabirar ya miƙa masa wani ƙoƙo da baƙin ruwa mai ɗaci a ciki, ya ce ya shanye. Ya sha safiya bayan safiya har jiƙon ya ƙare. Sannan tsohon ya ce masa, "Daga yau ƙarhe ba ya shiga jikinka. Sana'armu ta ƙarhe ce, akwai mahassada, akwai hanya. Amma abu biyu: kar ka gwada, kar ka hwaɗa ma kowa."

Haladu ya riƙe wannan magana. Bai taɓa shiga fagen 'yan tauri ba, bai taɓa goga wuƙa a hannunsa don ya gani ba. Shekara da shekaru yana wasa aska a tafin hannu, bai tuna ranar da ta yanke shi ba. Ƙaya kan soke shi har jini ya fito, amma ƙaya ai ba ƙarfe ba ce. Cewa shi mutum ne mai kiyayewa tun asali, wanda ko ruwan zafi ba ya zubarwa, wannan bai taɓa zo masa a rai ba.

Da farko abin daɗi yake yi masa. Yana tafe a daji shi kaɗai da kekensa, zuciyarsa a kwance. Sai wata rana a Shinkafi, yana cikin yi wa wani ƙaho, ya ji ana ba da labarin wani ɗan tauri da ciwon ƙaba ya kayar, aka kai shi asibiti. Wai likitoci sun sa wuƙa ta ƙi, sun sa allura ta lanƙwashe, suna tsaye suna kallonsa har rai ya yi halinsa. Ko labarin gaskiya ne ko ƙarin gishirin kasuwa, Haladu bai bincika ba. Ya gama ƙahon, ya binne jinin a rairayi, ya koma gida jikinsa a sanyaye. Daga ranar abin da yake taƙama da shi a ɓoye ya zama abin da yake tsoro a ɓoye.

Da masu lamba, wato rigakafin agana, suka zo Ƙaura suka tare kasuwa, Haladu ya bi ta bayan gari ya tafi Ɗan Isa, sai da suka tashi ya dawo. Zazzaɓi in ya kama shi, sai saiwa da sassaƙe. Matarsa Kulsumu ita kaɗai ta sani, ita ma ba faɗa mata ya yi ba, ganewa ta yi. Takan ce, "Malam, mutumin da ke tsaga bayan mutane kullum, shi ka gudun allura?" Sai ya yi murmushi ya ce ta miƙo masa buta.

Cikin waɗanda yake yi wa aski akwai Malam Hammadu, na'ibin limami a Zurmi, wanda ya yi karatu a Sakkwato har Larabci ya zauna a bakinsa. Dogo ne siriri, mai son tsokana. Shi ya laƙaba wa Haladu Sarkin Aska, alhali ba wanda ya naɗa shi. In ya zauna ya miƙa wuya sai ya ce, "To Sarkin Aska, ga ni hannunka. In ka ga dama ka bar ma jama'a limami." Haladu kan ce, "In dai ka rage tsawon karatun asuba, Malam, ba ka da matsala da ni."

Wajen tsakiyar shekarun tamanin Haladu ya fara jin wani abu a ƙirji. In ya taka keke ya hau tudun da ke kan hanyar Kasuwar Daji, sai ya ji kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Ya sauka, ya jingina da itace, abin ya lafa. Ya ce ƙwarnafi ne, naman suna ne ya yi yawa, domin ba a yanka rago a unguwa ba tare da kason wanzami ya iso gidansa ba. Yakan jiƙa kanwa ya sha. Asibiti kuwa ko hanyar bai duba ba.

A cikin haka ne Alhaji Atiku, mai motocin kayan da Haladu ke bi, ya biya masa kujerar Makka. Duk 'ya'yan Alhaji maza Haladu ne ya yi musu askin suna da kaciya. A shekarar Malam Hammadu ma zai tafi, suka faɗa ayari ɗaya. Ranar allurar maniyyata mutane suka yi cincirindo, Haladu ya naɗe hannun riga, ya tsinci 'yar auduga ya danne damtse da ita, ya bi sahun masu fita yana yamutsa fuska. Haka ya wuce. Ya sa askarsa biyu cikin kaya, ya ce ba baƙon hannu da zai taɓa kan mutanen Ƙaura a Mina yana raye.

Ranar Sallah, bayan an dawo daga jifa an yi yanka, aka yi masa nasa askin, shi kuma ya shimfiɗa tabarma a bakin tanti ya fara. Mutanen Ƙaura, na Zurmi, na Kurya, har wasu 'yan Nijar da suka ji Hausa suka tsaya. Rana kamar za ta narkar da mutum. Bai ci wani abin kirki ba, bai sha ruwa sosai ba, kai na tashi kai na zama. Bayan azahar yana tsakiyar kan wani tsoho sai dutsen nan ya sauko masa a ƙirji. Ya dakata ya jira ya lafa kamar yadda ya saba. Bai lafa ba. Ya bi kafaɗar hagu ya gangara hannu, ya hau muƙamuƙi. Zufa mai sanyi ta keto masa. Ya ninke askar a hankali ya ajiye, ya ce wa tsohon, "Baba, ka yi haƙuri, rabin kan nan sai wani ya ƙarasa ma." Sai ya kife a gefe.

Aka ɗauke shi ranga-ranga zuwa wani ƙaramin asibiti da ke kusa da tantunan. Malam Hammadu ya bi su, don shi ke jin harshen mutanen. Aka manna wa Haladu wayoyi a ƙirji, wata na'ura ta zaro takarda mai zane. Aka sa masa ƙwaya a ƙarƙashin harshe, aka rufe masa hanci da abin shaƙar iska. Wata ma'aikaciya ta kama hannunsa za ta sa masa ƙarin ruwa. Haladu ya kau da kai ya runtse ido. Ciwon ƙirjin ya danne duk wani ji, bai san abin da ake yi da hannun ba. Da ya buɗe ido sai ya ga matar tana girgiza kai, ta jefa allurar cikin kwando. Ta ɗauko wata, ta koma ɗaya hannun, ta daɗe tana lalube, ita ma ta jefar. Jijiyoyinsa ne suka kwanta saboda ƙishi da zufa, amma ba wanda ya faɗa masa haka. Shi dai ya ga allura biyu a kwando. Ya ce a ransa, shi ke nan, ranar ta zo.

Likitan wurin ya duba takardar ya ce ba a nan za a tsaya ba, a wuce da shi babban asibiti yanzu. Aka sa shi a motar marasa lafiya, Malam Hammadu na tsugune a gefensa, motar na jiniya tana kutsawa cikin jama'a.

"Malam."

"Na'am, Sarkin Aska. Kar ka yi magana, ka huta."

"Ka ce masu su daina wahalshe da kansu. Su mai da ni tanti, ku juya ni gabas."

"Wace irin magana ce wagga?"

Haladu ya ja abin iskar gefe. "Allura ba ta shiga ta. Ƙarhe ba ya shiga jikina. Baba yab ba ni na sha, shekarar da Turawa sunka tahi. Ba ka ga biyu tay yas ba?"

Malam Hammadu ya dube shi ya ce, "Haladu. Shekara nawa ina miƙa maka wuyana, ba ka sami wurin hwaɗa min ba sai a Mina, ran Sallah?"

"Kunya nika ji. Ga inda muke, ga abin da ke cikina."

"To ji nan. Ni ban san ko abin nan gaskiya ne ba. Tun ina yaro nike ganin 'yan tauri na goga wuƙa ga ciki, ban kuwa taɓa amsar wuƙar na duba ba. Amma ba ni mai da kai tanti. In na koma Ƙaura ba kai, mi zan ce ma Kulsumu? In ce ka ce a bari, na bari?" Ya mayar masa da abin iskar bisa hanci. "Yi shiru hakanan."

A babban asibitin aka tura gadonsa da gudu ta wani dogon baranda mai sanyi. Likitan da ya tare su Basudane ne, baƙi, dogo, da tsage uku-uku a kumatunsa. Duk da halin da Haladu ke ciki sai da ya lura da tsagen. Miƙaƙƙu ne, zurfinsu ɗaya, hannun da ya yi su ya san aiki. Ya ji hankalinsa ya ɗan kwanta da mutumin, tunda shi ma wanzami ya taɓa shi.

Likitan ya yi bayani da sauri, Malam Hammadu na juyawa.

"Yac ce zucciya ita ma tana da hanyoyin jininta da ke ciyar da ita. Shina zaton gudan jini ya toshe guda. Ka san lambun albasa na bakin gulbin Gagare, in laka ta toshe hanyar ruwa, fangalin da ke gaba ya hwara bushewa? To naka na bushewa yanzu haka da muke magana. Shina son ya ga wurin da idonshi. Za shi huda nan, gindin cinya, ya zura wani siririn bututu har zucciya, ya ɗau hoto."

"Da mi za shi huda?"

Malam Hammadu ya juya ya yi wa likitan dogon Larabci, yana nuna Haladu, yana kwatanta shan abu da hannu. Haladu ya jira dariya. Likitan bai yi ba. Ya gyaɗa kai, ya faɗi 'yan kalmomi, ya dafa kafaɗar Haladu.

"Yac ce ƙauyensu ma ana sha. Kawunshi ma ya sha. Bai ce maka ƙarya ne ba, bai ce gaskiya ne ba. Yac ce ka bari ya gwada. In ta ƙi, ba ka rasa komi ba bisa abin da kake ciki."

"Baba yac ce kar in gwada."

"Babanka ya hana ka gwadawa don burga cikin kasuwa. Wa za ka burge nan? Ni?" Malam ya matso, ya rage murya. "Ga abin da za mu yi. Ka ce ka bar shi, ka mai da lamarinka ga Allah. Ni in yi addu'a in tofa. In akwai abin, Allah Ya warware. In babu, mun dai yi addu'a."

Haladu ya ce ya bari. Malam ya karanta abin da ya karanta, ya tofa masa daga ƙirji har ƙafa. Likitan na tsaye yana duba agogon bango, amma bai katse su ba.

Ɗakin da aka shiga da shi sanyi kamar randa. Aka kwantar da shi a wani siririn gado mai tauri, wata ƙatuwar na'ura na rataye a kansa, ga akwati irin na talabijin a gefe. Aka bar Malam Hammadu ya shigo don ya riƙa faɗa masa abin da ake so ya yi, amma sai da aka rataya masa wata riga mai nauyin tsiya wadda duk mutanen ɗakin ke sanye da irinta. Malam ya ce, "La'ilaha. Wagga ta yi buhun gero." Wani ma'aikaci ya yaye wa Haladu gefen zane, ya shafa kumfa a gindin cinyar, ya fara aske wurin da reza. Haladu ya ɗago kai da ƙyar ya duba.

"Malam, tambaye shi wa ya koya mai aski. Gaba da gashi yake ja."

"Kai dai ba ka da dama. Kwanta!"

Aka shafa wani magani mai sanyi, aka rufe shi da koren ƙyalle, aka bar wurin kaɗai a buɗe. Haladu ya ƙura wa silin ido yana kalmar shahada. Ya ji wani ɗan tsini kamar cizon cinnaka, sai wurin ya yi nauyi ya mutu. Ya ji ana dannawa. Ya kasa kunne ko zai ji ƙarar abu ya faɗa kwando. Ba abin da ya ji sai ƙugin na'ura da likitan na magana ƙasa-ƙasa da mutanensa.

"Malam, sun hwara?"

Malam Hammadu ya leƙa ta saman ƙyallen, ya dawo da kai da sauri, fuskarsa ta canja.

"Ta ƙi ko? Hwaɗa min."

"Wace ta ƙi? Ni ne ba ni son ganin jini."

"Jinin wa?"

"Na wa kuwa? Nawa?"

Malam ya yi wa likitan magana. Likitan ya ɗago wata 'yar auduga da ɗan ƙarfen kamawa, ya nuna wa Haladu. Jajawur take. Haladu ya kalle ta, ya kalle ta. Ya ga jinin mutane ya fi a ƙirga, na sarakai da na masu dako, amma bai taɓa ganin wanda ya yi masa kyau kamar wannan ba. Hawaye suka gangaro masa ta gefen ido suka shiga kunne.

"Ta shiga," ya ce. "Alhamdu lillahi. Malam, ta shiga."

"Awa wuƙa cikin kabewa," in ji Malam Hammadu.

Bututun bai ji tafiyarsa ba ko kaɗan. Aka rage fitila, aka juyo akwatin yadda zai iya gani. Da fari toka-toka ne kawai, da inuwar haƙarƙari, da wani abu na motsi a tsakiya ba ya tsayawa. Malam ya ce wai wannan ita ce zuciyar. Ga bututun nan kamar zare ya lanƙwasa ya tsaya a bakinta.

"Yac ce ka ja numfashi ka riƙe."

Likitan ya tura wani ruwa ta bututun. Haladu ya ji ɗumi ya bazu a ƙirjinsa. Nan take a cikin akwatin wasu baƙaƙen rassa suka bayyana, suka bazu bisa zuciyar kamar saiwar itace da ruwa ya wanke wa ƙasa, suna rawa tare da bugunta, sannan suka dushe. Aka juya na'urar, aka sake. A karo na gaba likitan ya tsayar da hoton, ya sa yatsa a kan gilashin.

Ko ba a fassara ba Haladu ya gani. Reshe ɗaya mai kauri ya taho lafiya, sai ya tsaya cak kamar an datse shi. A daidai wurin akwai wani ɗan dunƙule mai haske-haske zaune a cikin hanyar, baƙin ruwan ya ɗan lallaɓa ta gefensa ya kasa wucewa. Gaba da nan babu komai, fili ne kawai.

"Mataccen jini," in ji Haladu. Shi ne abin da ya yi shekaru yana zazzagewa daga ƙaho, yana nuna wa mai shi kafin ya binne. Bai taɓa tunanin yana iya zama a inda ƙaho ba ya kaiwa ba, bai kuma taɓa tunanin ɗan wannan zai kayar da ƙato ba. "Tambaye shi, zuƙowa za shi yi?"

"Yac ce a'a. Narkar da shi za shi yi. Za shi ɗiga mashi magani ta bututun, bisa kanshi."

Sai jira. Maganin na shiga a hankali, dutsen na nan bisa ƙirji. Lokaci-lokaci a ce ya riƙe numfashi, a tura ruwan, a duba. Reshen na nan a datse. Malam Hammadu ya gaji da tsayuwa da nauyin rigarsa, ya jingina da bango yana jan carbi. Haladu ya tuna tsohon da ya bari da rabin kai, ya yi ta tunanin ko wa ya ƙarasa masa. Aka sake dubawa, sai ga wani siririn baƙin zare ya ratsa ta gefen dunƙulen ya wuce gaba kaɗan. Likitan ya ce wani abu, murya a sama.

Can sai zuciyar ta yi wani irin tuntuɓe, ta yi gudu, ta yi kamar za ta tsaya. Ɗakin ya fara juya masa. Mutanen suka zabura.

"Yi tari! Yac ce ka yi tari, da ƙarhi! Ƙara!"

Ya yi tari, ya ƙara, ya ƙara. Zuciyar ta dawo kan takunta. Likitan na kallon na'urarsa yana murmushi, ya ce wa Malam sau da yawa haka take yi in jini ya dawo inda ya yanke. Aka tura ruwan. Wannan karon reshen ya cika tun daga sama har ƙasa, ya haifi ƙananan rassa a filin nan da ba komai ɗazu. A inda dunƙulen ya zauna hanyar ta ɗan tsuke kamar wuyan gora, amma jini na wucewa. Haladu ya ja numfashi, ya ji ya tafi har ƙasa. Bai san lokacin da aka ɗauke dutsen ba, sai dai ya nema ya rasa, saura ɗan tsami kamar wurin da aka daka.

Da aka zare bututun, wani ƙato ya danne wurin da hannu har ya gaji, sannan aka ɗora jakar yashi aka ce kar ya motsa ƙafar. Malam Hammadu ya tuɓe rigar nauyi ya zauna a gefen gadon yana murza kafaɗa.

"To Sarkin Aska, addu'ata ce ta karya shi, ko dai ruwan sassaƙe tsoho ya ba ka?"

"Addu'arka ce, Malam."

"Haka za ka ce?"

"Haka zan ce. Allah Ya jiƙan Baba."

Malam ya yi dariya ya ce amin.

Ya yi kwanaki a asibitin. Sauran jifan Malam Hammadu ya yi masa, ɗawafi kuwa a kan makara irin ta masu rauni aka zaga da shi, yana bisa kawunan mutane yana kuka yana godiya. Kafin a sallame shi likitan ya ce wani yanki na zuciyar ya taɓu, amma mafi yawa ya tsira. Tsukakken wurin na nan, don haka akwai ƙwayoyin da zai riƙa sha muddin rai, ya rage kitse, ya bar hawan tudu da keke, ya riƙa zuwa ana duba shi a gida. Ya ƙara da cewa ƙwayoyin na tsinka jini, saboda haka ya yi hankali da kaifi, in ya yanke jinin ba zai tsaya da wuri ba. Malam ya fassara wannan yana ƙunshe dariya.

Haladu ya dawo Ƙaura a gaban motar Alhaji Atiku, ba bisa buhuna ba. Ya rame, amma da ƙafarsa ya shiga gida. Ya rayu har ya ga an ba Zamfara jiha. Ya bar zuwa Shinkafi, ya riƙe zaurensa da Kasuwar Daji. In mutum ya zo ya ce a yi masa ƙaho don ƙirjinsa na nauyi in ya yi tafiya, Haladu kan mayar da ƙahon cikin zabira ya ce, "Wanga ba nawa ba ne. Tashi mu tai asibiti." Shi kansa in an zo ɗibar jininsa yakan yi ƙara har a ji a waje, ma'aikatan su yi ta dariya, ya ce ashe haka abin ke da zafi, shekaru yana ce wa mutane ba zafi.

Labarin kuwa tun kafin jirginsu ya sauka ya riga shi isa gari, don Malam Hammadu bai iya riƙe shi ba, ya faɗa wa alhazan da suka riga su dawowa. Ranar da Haladu ya dawo zauren ya cika da masu barka da zuwa. Cikinsu har da wasu tsofaffin 'yan tauri da suka san mahaifinsa, suka zauna gefe guda fuska a ɗaure. Babbansu ya ce shi bai yarda ba. Jiƙon Muhtari Wanzami ba ya karyewa, in dai gaske ne an huda shi, ya nuna wurin kowa ya gani.

Haladu ya dubi zauren, ga surukinsa, ga liman, ga Alhaji Atiku.

"Ba ya nunuwa," ya ce.

"Kun ji ko? Ba a huda shi ba."

"An huda ni. Wurin ne ba ya nunuwa."

Aka fashe da dariya, tsohon ya tashi yana cewa shi dai bai ga komai ba. Har suka mutu wasunsu ba su yarda ba, Haladu kuma bai damu ya gamsar da su ba.

Da jama'a suka watse kafin magariba ya shiga cikin gida. Kulsumu ta kawo masa fura, ta zauna a bakin gado tana kallonsa har ya sha ya ajiye ludayi.

"Alhaji, ni ma ba ya nunuwa?"

Ya tura ƙofa, ya nuna mata. Ta duƙa ta duba da kyau a hasken taga, ta ɗago.

"Wannan? Ko ƙwayar dawa ta fi shi."

"Shi ne dai."

Ta sa yatsa ta taɓa tabon a hankali. Sannan ta sauke ajiyar zuciya, ta ɗauki kwanon furar ta ce bari ta ƙaro masa, amma ba nono mai maiƙo, Malam Hammadu ya riga ya aiko mata da saƙo.